INA MUKA DOSA? Daga Bencin Aji Zuwa Kujerar Matuƙin Jirgin Sama

Kwanakin baya mun nemi kowa ya rubuto mana abin da yake son ya zama idan ya gama karatu. Kamar kullum, aikin likita ne ya zo na ɗaya. Abin da ba mu zata ba shi ne yawan waɗanda suka ce su matuƙin jirgin sama suke son zama, har da 'yan mata.

Wasiƙa ɗaya ce ta fi tsaya mana a rai. Wani ɗalibi ɗan aji biyar ya ce mahaifinsa ya yi masa alkawarin zai sayar da gonarsa ta gado ya kai shi makarantar tuƙin jirgi da zarar ya gama sakandare, domin sun ji an ce shekara biyu kacal ake yi, a fito a fara ɗibar albashi. Ya tambaye mu ko gaskiya ne.

Ƙanenmu, rabin maganar gaskiya ne. Ɗaya rabin shi ne ba a cika faɗa wa mutane ba, kuma shi ne ya sa muka ba wannan batu filin wannan mako gaba ɗaya. Muna roƙonka ka karanta wa Baba shi tun daga farko har ƙarshe kafin a kira dillali. Sauran masu wannan buri kuma, ku matso kusa.

A ina ake koyo?

Jirgin sama ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun a shekarar 1925 wasu jirage uku na sojin saman Birtaniya suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Makarantar koyon tuƙi mafi daɗewa a Nijeriya ma a nan gida take, wato Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Zariya, wadda ake taƙaita sunanta da NCAT. An kafa ta a 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. Waɗanda ke zaune a Zariya sun saba da ƙugin ƙananan jiragenta suna kewaya gari. A Ilorin ma akwai wata kwalejin, mallakar gwamnatin jihar Kwara. Wasu kuma iyayensu ko gwamnatocinsu kan tura su waje, kamar Afirka ta Kudu, Amurka, Habasha ko Jordan.

Ko a ina mutum ya yi karatu, makaranta ba ta ba shi izinin tuƙa jirgi a Nijeriya. Mai ba da lasisi ita ce Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, NCAA. Wanda ya samo lasisinsa a waje sai ya kawo wa hukumar ta tantance, ya cika sharuɗɗanta, kafin ya hau jirgin da ke da rajistar Nijeriya. Ita kanta hukumar tana bin ƙa'idojin hukumar duniya da ake kira ICAO, mai hedikwata a birnin Montreal na ƙasar Kanada. Shi ya sa matakan da za mu lissafa a ƙasa kusan iri ɗaya ne a yawancin ƙasashe.

Maganar ta faro tun daga aji uku

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ranar da ɗalibi ya gama ƙaramar sakandare aka tambaye shi ɓangaren da zai shiga, ranar ya fara buɗe wa kansa wannan ƙofa ko ya rufe ta. Makarantun tuƙi na ƙasar nan suna neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, kuma a ciki suna sa ido a kan Turanci da lissafi da fiziks. Kada ku ɗauka don a wahalar da ku aka sa waɗannan ukun. Kowannensu yana da aikin da yake yi a ɗakin tuƙi.

Mu fara da fiziks. Fiffiken jirgi yana yanka iska yana danna ta ƙasa, ita kuma tana tura shi sama. Idan iska ta yi zafi sai ta yi shara-shara, fiffike bai samu abin dannawa sosai ba, injin ma ƙarfinsa ya ragu. Saboda haka jirgin da ya tashi cikin sauƙi da sanyin asuba a Sakkwato ko Maiduguri, da tsakar ranar bazara sai ya ci doguwar tafiya a kan titinsa kafin ya ɗaga. Matuƙi ne zai duba zafin ranar, da nauyin fasinja da kaya da mai, da tsawon titin, ya tabbatar jirgin zai tashi kafin kwalta ta ƙare. Wani lokaci amsar ita ce a rage kaya. Darasin matsin iska da nauyi da gudu da kuke hamma a cikinsa, shi ne wannan.

Sai lissafi. A watan Yulin 1983 wani jirgin Air Canada ƙirar Boeing 767 yana tsakiyar tafiya, a tsayin ƙafa 41,000, sai injinansa biyu suka mutu. Mai ne ya ƙare. Da aka bincika, sai aka gano an yi lissafin man da ma'aunin fam maimakon kilo. Kilo ɗaya ya kai fam 2.2, don haka man da ke cikin jirgin bai kai rabin wanda ake buƙata ba. Allah Ya taimaka kyaftin ɗin ya iya tuƙa irin jiragen nan marasa inji, ya lallaɓa ya sauke shi a wani tsohon filin jirgin soja a garin Gimli, ba a rasa rai ba. Kuskuren da ya jawo wannan duka irin wanda malamin lissafi yake zagaye muku da jan biro ne: an rubuta lamba ba a kula da ma'auninta ba. A aikin jirgi tsayi da ƙafa ake auna shi, nisa da mil na teku, wanda yake mita 1,852, mai kuma da kilo ko lita ko fam. Ba a neman gwanin lissafi mai zurfi. Ana neman wanda zai yi tarawa da rabawa da ka, cikin sauri, ba kuskure, alhali ana yi masa magana a kunne.

Na uku Turanci. Da shi matuƙa suke magana da jami'an hasumiya a zirga-zirgar ƙasa da ƙasa, kuma ana yi wa matuƙi jarrabawar ji da magana. Matakai shida ne, dole ya kai na huɗu. A ranar 27 ga Maris, 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Har yau ba a yi haɗarin jirgin sama da ya ci rayuka kamarsa ba. Cikin manyan dalilai akwai rashin fahimtar magana: kyaftin ɗin ɗaya jirgin ya ɗauka an ba shi izinin tashi, alhali ba a ba shi ba.

Akwai wani darasi a wannan haɗari da ya shafe mu musamman. Injiniyan da ke zaune bayan matuƙan ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, shi kuma bai sake magana ba. Mu an tarbiyyantar da mu a kan kada yaro ya musa wa babba, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma a ɗakin tuƙi ana koya wa mataimaki cewa idan ya ga kuskure wajibi ne ya faɗa, cikin ladabi amma a fili, ya maimaita har sai an ji. Ɗalibin da bai iya ɗaga hannu a aji ya ce, “Malam, ban gane ba,” ya fara koyon haka tun yanzu.

A ga likita kafin a je banki

Wannan ita ce shawara mafi tsada da za mu ba ku yau, kuma ita ce mafi arhar bi. Duk wanda zai tuƙa jirgi a biya shi sai ya samu shaidar lafiya mai daraja ta ɗaya daga likitan da NCAA ta amince da shi. Ba kowane likita ne yake ba da ita ba. Za a duba ido da kunne da zuciya da huhu da jini da fitsari, a kuma bi tarihin lafiyar mutum. Ciwo irin farfaɗiya, wanda kan iya kayar da mutum ba shiri, yana hana samun wannan shaida.

Sanya tabarau kaɗai ba ya hana mutum zama matuƙi, muddin da tabaran yana gani yadda ake so. Abin da ya fi kayar da samari shi ne rashin bambance launi, musamman ja da kore. Da shi ake haifar mutum, ya fi yawa a maza, kuma da dama ba su san suna da shi ba sai ranar gwaji. A jirgi launi magana ce. Fitilar fiffiken hagu ja ce, ta dama koriya, da su ake gane inda wani jirgi ya dosa da dare. A gefen titin sauka akwai fitilu huɗu: idan matuƙi ya ga biyu ja biyu fari yana kan daidai, idan duk suka koma ja ya yi ƙasa da yawa. Saboda haka a fara biyan kuɗin gwaji, wanda bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin makaranta, a san matsayin da ake ciki.

Wannan gwaji ba sau ɗaya ake yin sa ba. Duk shekara ake sabunta shi, idan shekaru suka ja kuma duk wata shida. Ana kuma yi wa ma'aikatan jirgi gwajin barasa da ƙwaya ba tare da sanarwa ba. Wanda ya fara wasa da kodin ko tiramol ko wiwi a bayan aji, ya sani yana yaga lasisinsa tun kafin a buga shi.

Matakalar lasisi

Tuƙin jirgi da awa ake auna shi. Kowane matuƙi yana da littafin da yake rubuta duk tashin da ya yi: ranar, jirgin, daga ina zuwa ina, awa nawa. Wannan littafi shi ne jarinsa.

Matakin farko shi ne na ɗalibi. Ana fara karatun ƙasa: dokokin sama, yanayi, karatun taswira, yadda injin yake aiki, yadda jikin ɗan Adam yake yi idan iska ta yi ƙaranci. Sannan a fara tashi da malami a ƙaramin jirgi mai inji ɗaya.

Mataki na biyu lasisin tuƙa jirgi don kai, PPL. Mafi ƙarancin shekaru 17, mafi ƙarancin awoyi 40. Mai shi zai iya ɗaukar 'yan'uwa da abokai, amma ba a biyan sa.

Na uku lasisin tuƙi na sana'a, CPL. Shekara 18, awa 200, ko 150 ga wanda ya bi cikakken kwas a makarantar da aka amince da ita. Daga nan ne doka ta yarda a biya mutum. Tare da shi ana neman ƙarin shaidu biyu. Ɗaya ta tuƙa jirgi mai inji fiye da ɗaya. Ɗaya kuma ta tuƙi da na'urori kaɗai, ba tare da ganin waje ba. Duk wanda ya san hazon hunturu a Kano, ranar da ba a hango ƙarshen layi, ya san amfanin wannan. A cikin gajimare ko ƙura jiki yana yi wa matuƙi ƙarya, ya ji kamar jirgi a miƙe yake alhali ya karkata. Ana horar da shi ya ƙaryata jikinsa ya gaskata agogunan da ke gabansa.

Wannan shi ne karatun shekara biyun da aka gaya wa mahaifin ɗalibinmu, kuma shekara biyun ma sai idan komai ya tafi daidai. Rashin kyawun yanayi, ko jirgi ya tsaya jiran gyara, ko kuɗi su yanke, duk suna ja da lokaci. Kuɗin kuwa miliyoyin naira ne masu yawa, domin kowace awa a sama tana cin mai da kayan gyara da inshora da ladan malami, kuma yawancinsu da dala ake sayen su. Duk lokacin da naira ta faɗi, kuɗin makaranta ya tashi.

Mataki na ƙarshe shi ne babban lasisi, ATPL, wanda sai da shi mutum yake zama kyaftin a babban jirgin fasinja. Shekara 21, awa 1,500. Yanzu ku yi lissafin da kanku. An fito makaranta da awa 200. Ina za a samo sauran 1,300?

Hangen Dala ba shiga birni ba ne

Ga rabin da ba a faɗa. Lasisin CPL bai ba mutum damar hawa Boeing 737 ko Embraer ko ATR ba. Kowane babban jirgi yana da nasa kwas na musamman, na 'yan makonni, a aji da kuma cikin na'urar kwaikwayon tuƙi, sannan a buga wa mutum sunan wannan samfurin a lasisinsa. Kuɗin wannan kwas kaɗai kan kai dubban daloli masu yawa. Wani kamfanin yakan biya wa sabon matuƙi bisa sharaɗin zai yi masa aiki na wasu shekaru. Wasu kuwa sai su ce ka zo da shaidarka a hannu, wasu ma su ƙara da cewa sai mai ɗaruruwan awoyi a kan jirgin. Sabon matuƙi sai ya tsinci kansa a tsaka mai wuya: ba aiki sai da awoyi, ba awoyi sai da aiki.

Mun ga wannan da idonmu a Arewa. A zamanin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, gwamnatin jihar Kano ta tura matasa 100 ƙasar Jordan koyon tuƙin jirgi. Sun yi karatu sun dawo da lasisi, amma da yawa daga cikinsu sun daɗe suna jira kafin su samu kujerar tuƙi, kuma wannan kwas na samfurin jirgi yana cikin abin da ya tsaya musu. Lasisi kuma ba ya jira. Shaidar lafiya tana ƙarewa, shaidar tuƙi da na'urori tana buƙatar sabuntawa, hannu yana mantuwa, kuma kowace sabuntawa kuɗi ce.

Don haka gidan da zai sayar da kadara ya yi lissafin tafiyar har ƙarshenta: kuɗin makaranta, kuɗin kwas na samfurin jirgi, da abin da yaro zai rayu da shi idan ya yi shekara ɗaya ko biyu yana neman aiki. Idan kuɗin gonar iyakarsu rabin hanya, gara gonar ta zauna a nemi wata dabara.

Malamin tuƙi

Ɗaya daga cikin dabarun ita ce koyarwa. Mai lasisin CPL zai iya ƙara wani kwas ya samu shaidar zama malamin tuƙi. Duk awar da ya yi a sama da ɗalibi tana shiga littafinsa, ga albashi yana karɓa maimakon ya biya. A Amurka, tun daga 2013 doka ta ce ko mataimakin matuƙi a kamfanin fasinja sai ya kai matakin babban lasisi, wanda ga yawancin mutane awa 1,500 ke nan. Shi ya sa a can mafi yawan matasan matuƙa ta koyarwa suke tara awoyinsu. A nan gida makarantun ba su da yawa, guraben ma haka, amma hanya ce ta gaske, kuma makaranta takan fi son ɗaukar ɗalibinta da ta ga hankalinsa da ƙwazonsa. Ku lura da wannan: halin da mutum ya nuna yana ɗalibi shi ne takardar neman aikinsa ta farko.

Kada ku raina aikin. A jirgin koyo ɗalibi ne yake zama a kujerar hagu, wadda ita ce ta kyaftin, malami a dama, kowa da sitiyarinsa. Ba a miƙa tuƙi da ishara. Mai bayarwa zai faɗa da baki cewa ya miƙa, mai karɓa ya amsa cewa ya karɓa, don kada a wayi gari kowa yana zaton ɗayan ne yake riƙe da jirgi. Gwanintar malami ita ce sanin lokacin da zai bar ɗalibi ya yi kuskure don ya koya, da lokacin da zai karɓe tuƙi don kada kuskuren ya zama ajali. Tsakanin biyun wani lokaci daƙiƙa biyu ce.

Ga misalin abin da yake koyarwa. Idan aka ɗaga hancin jirgi fiye da kima, iska takan daina bin fiffike yadda ya kamata, jirgi ya fara faɗuwa. Abin da zuciya take gaya wa mutum shi ne ya ƙara jan sitiyari don ya koma sama, kuma wannan ne yake ƙarasa shi. Maganin shi ne a sunkuyar da hancin ƙasa, a ƙara wuta, fiffike ya sake kama iska. Malami zai hau da ɗalibi can sama inda akwai sarari, ya sa shi ya jawo wannan hali da gangan, ya fita daga cikinsa, ya sake, ya sake, har hannunsa ya riga tsoronsa.

Sannan akwai ranar da kowane matuƙi yake tunawa har tsufansa. Bayan awoyi goma sha wani abu ko ashirin, wata rana an sauka, sai malami ya buɗe ƙofa ya fita, ya ce wa ɗalibi ya je ya kewayo shi kaɗai. Malamin ne ya sa hannu cewa yaron nan ya isa. Yana tsaye a ƙasa yana kallo, ba abin da zai iya yi sai addu'a. Wanda ba shi da haƙuri, ko mai saurin fushi, ko mai son a ce ya iya, wannan aiki ba nasa ba ne.

Albashin malami bai kai na kyaftin ɗin babban kamfani ba, amma yawanci yana kwana a gidansa. Koyarwa kuma ba ta ƙarewa a ƙananan jirage. Kamfanoni suna da manyan kyaftin masu horar da sababbi da masu jarraba tsofaffi, domin kowane matuƙin fasinja yana komawa na'urar kwaikwayo kusan duk wata shida, a kashe masa inji, a kunna masa gobara, a ga yadda zai yi. A shekara 65 doka take sauke matuƙi daga jigilar fasinja ta ƙasa da ƙasa, amma yana iya ci gaba da koyarwa a aji da na'ura. Haka ma wanda rashin lafiya ta raba shi da sama.

Hanyar soja

Ga wanda gidansu ba hali, akwai Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna, NDA. Ana shiga ta hanyar JAMB da jarrabawar makarantar da gwajin lafiya da na ƙarfin jiki, kuma akwai iyakar shekaru, don haka ba a jinkiri. Gwamnati ce take ɗaukar nauyin karatu. Rundunar sojin sama tana da makarantun koyon tuƙi a Kaduna da Kano. Sai dai ku san abu biyu. Ba duk wanda ya shiga sojin sama ne ake zaɓa ya zama matuƙi ba. Kuma wanda ya shiga soja ne kafin komai, zai je inda aka tura shi, har fagen fama. Kada a shiga da niyyar a ci horo kyauta a gudu. Duk wanda kuma ya ce ku kawo kuɗi ya samo muku gurbi, ɗan damfara ne.

'Yan mata, ƙofar nan a buɗe take gare ku. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgi ta sana'a a Nijeriya, a Zariya ta yi karatu, ta koyar a can, daga baya ta shugabanci kwalejin. A 2019 Kafayat Sanni ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi a rundunar sojin saman ƙasar nan.

Ina ake samun aiki?

Kowa kamfanonin fasinja yake hange, irin su Max Air da Air Peace, da jigilar alhazai. Amma akwai jiragen kaya, da ƙananan jiragen 'yan kasuwa da na gwamnati, da jirage masu saukar ungulu da ke kai ma'aikata rijiyoyin mai a teku, da jiragen agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya da ke tashi daga Maiduguri, da na 'yan sanda, da masu feshin tsuntsayen jan-baki a gonakin shinkafa da gero. Sau da yawa a irin waɗannan ne sabon matuƙi yake fara samun shiga.

Aikin yana da daɗi, yana kuma da nasa nauyin: tashin ƙarfe uku na dare, Sallah a ɗakin otal, jarrabawa har ranar ritaya. Kuma jirgi ba matuƙi kaɗai yake ɗaga shi ba. Akwai injiniyan da sai ya sa hannu jirgi yake motsawa, da jami'in hasumiya, da mai tsara tafiya da lissafin mai, da masanin yanayi. Kwalejin Zariya tana koyar da da yawa daga cikin waɗannan a kuɗin da bai kai na tuƙi ba, a Yamai ma akwai makarantar EAMAC mai horar da jami'an hasumiya da masana yanayi. Wanda gwajin ido ya kayar, ko kuɗi suka gagara, bai rabu da filin jirgi ba.

Abin da za ku yi daga wannan zangon

'Yan aji uku, ku zaɓi ɓangaren kimiyya. 'Yan babbar sakandare, ku riƙe Turanci da lissafi da fiziks, ku ƙara da labarin ƙasa idan ana koyarwa. Ku riƙa sauraron labarai da Turanci, ku shiga ƙungiyar muhawara don baki ya saba. Idan an je asibiti, ku roƙi a gwada muku ganin launi. Ku roƙi malamin ba da shawara ya shirya muku ziyara zuwa filin jirgi ko kwalejin Zariya. Ku riƙa bibiyar sanarwar hukumar ba da tallafin karatu ta jiharku. Kafin a biya ko sisi ga wata makaranta, a tambayi NCAA ko ta san da ita.

Kai kuma ƙanenmu mai wasiƙa, shawararmu ita ce ka ci jarrabawarka da kyau, ka yi gwajin lafiya, ka nemi NDA da tallafin jiha, ka kuma nemi gurbin jami'a a fannin injiniya ko kimiyya. Digiri ba sharaɗin lasisi ba ne, amma shi ne abin da za ka dafa idan jiran aiki ya yi tsawo, kuma mai shekara 23 bai makara da fara tuƙi ba. Ka gode wa Baba, domin ba kowane uba ne zai yi wannan tayi ba. Ku zauna tare da takarda da biro ku yi lissafin tafiyar duka. Idan lissafin ya fita, Allah Ya sa albarka. Idan bai fita ba, a bar gonar tana ciyar da gida, kai kuma ka bi doguwar hanya. Sannu ba ta hana zuwa.

Aikin gida

Jirgin koyo yana gudun mil 120 a awa, amma iska tana bugun sa ta gaba da gudun mil 20 a awa. Tafiyar mil 150 ce. Yana shan lita 30 a awa, kuma ana so ya sauka da ragowar man da zai isa tafiyar minti 45. Minti nawa tafiyar za ta ɗauka, kuma lita nawa ne mafi ƙarancin man da zai tashi da shi? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku da ajinku, kuma kada ku manta da rubuta ma'auni. Za mu buga sunayen goman farko da suka dace.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu shiga rumfar gyaran jirage mu ga aikin injiniya. Mu kwana nan. Allah Ya ba da sa'ar karatu.